Kwamfutar Siddiƙa a Hannun Sha'aban

Sha'aban taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga haihuwa. In ya ji haushi ya san inda zai same ni. Rumfar awona tana kallon garejinsa a bakin hanyar Kongolam, nan cikin Mai'adua, shekara ashirin ke nan ina shaƙar hayaƙin baburansa ba ko sannu.

Bakaniken babur ne, kuma na ƙwarai, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ciwonsa ɗaya ne. Tun yana yaro ya yi imani cewa kowane inji munafuki ne. A cewarsa masu ƙera kaya ba sa taɓa ba ka dukan ƙarfin abin da ka saya, sai sun ɓoye wani abu a ciki, kamar yadda jaki ke fara ɗingishi da ya hango buhu. Aikin mai hankali shi ne ya tono ƙarfin nan ya fito da shi fili. Muna shekara tara ya tono na rediyon kakanmu. Rediyon ya yi ƙarar da aka ji har masallacin unguwa, tsawon minti biyu, daga nan bai sake cewa uffan ba har yau. Kaka ya zane mu tare, ni laifina shi ne na ara masa wuƙa.

Da ya girma sai ciwon ya zama sana'a. Yana da ƙa'ida ɗaya da duk mai babur a garin nan ya haddace: "Ka buɗe har sai ya yi tari, sannan ka dawo da kwata." Zai tsuguna gefen babur, ya sa sukudireba a jikin kafireta, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma, ya yi ta murɗawa a hankali. Injin na ƙara kuka yana ƙara murɗawa. Da ya ji ya sarƙe ya yi tari, sai ya mayar da sukurun baya da kwata ɗaya, ya miƙe ya kaɗe wando. Babur ɗin da ya fito daga hannunsa yakan ɗauki buhun gero huɗu da mai shi ya keta rairayin ƙauyukan bakin iyaka ba tare da an tura ba. In kuwa yana son ya san ko inji ya yi zafi, tofa masa yawu yake yi. In yawun ya ce "cuuu", sai a jiƙa buhun algarara a lulluɓa, a je a sha shayi a dawo. Ilimin Sha'aban ke nan kaf, kuma da shi ya gina gida.

Matarsa Siddiƙa 'yar Malam Sama'ila ce na garin Babban Mutum, malamin zaure wanda ya shekara arba'in yana karantar da fiƙihu. Mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, amma in ta faɗi abu ba ta maimaitawa. Watansu uku da aure ta je unguwa, ta dawo ta tarar ya "taimaka" wa keken ɗinkinta. Ya ɗaura masa injin wata tsohuwar fanka da bel ɗin babur. Tana taka shi sau ɗaya, kafin ta ce bisimilla ya ɗinke atamfar mutane da gefen mayafinta, ya wuce yana neman yatsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi yaji ba. Ta kira shi bakin ƙofa ta ce, "Maigida, daga zaure zuwa titi naka ne, ka ƙara wa duk abin da ka ga dama gudu. Daga ƙofar ɗakin nan zuwa ciki, sukudirebarka ba ta shiga." Ya ce ya yi alkawari. Kuma don Allah in faɗi gaskiya, ya riƙe shi shekara goma sha biyu, duk da na sha kama shi yana kallon injin markaɗenta yana haɗiyar yawu.

Shekara uku da suka wuce Allah Ya yi wa Malam Sama'ila rasuwa. Bai bar gonaki ba, amma ya bar akwati guda cike da kaset, ɗari da arba'in, waɗanda ɗalibansa suka riƙa ɗauka tun zamanin rakoda. Ba karatu kaɗai ke ciki ba. Akwai tarinsa, akwai dariyarsa, akwai inda yake tsayar da darasi ya ce a kori akuya daga kan tabarma. Anwar, ƙanin Siddiƙa da ke aiki a Katsina, ya kawo mata wata kwamfutar tebur ta gwanjo, baƙa, mai girman jarkar mai, ya koya mata yadda ake juye kaset a ciki. Ta juye su duka cikin wata shida. Da damina ta zo rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, akwatin ya sha ruwa, kasakasan suka manne suka yi funfuna. Daga ranar muryar Malam Sama'ila ba ta da wani mazauni a duniyar nan sai cikin wannan baƙar kwamfuta.

Aiki ɗaya ya rage. Kowane kaset yana da wani "shuuu" na tsufa, kuma kwamfutar tana iya wanke shi, amma sai ta ɗauki minti arba'in a kan kowanne. Wutar gidan ta sola ce, ƙaramin batir, da la'asar ta yi sai ya fara kuka. Siddiƙa kuma ta yi wa mahaifiyarta alkawarin za ta kai aikin a memori ranar da ɗaliban Malam ke taruwa yi masa addu'a, saura mako biyu, ga kaset sittin a ƙasa. Kullum Sha'aban ya shiga cin abincin rana sai ya same ta gaban allo cikin zafin bazara, tana fifita, tana kallon wani ɗan koren layi yana rarrafe. Ina zolayarsa a kan komai, amma wannan na sani, tausayinta ne ya fara kai shi. Karambanin daga baya ya hau.

Wata Litinin ta tafi suna Babban Mutum, za ta kwana biyu. Talata da hantsi sai ga shi a rumfata, ido na ƙyalli, waya a hannu.

"Zailani, ashe ban yi ƙarya ba! Zo ka gani. Har kwamfuta ɓoye ƙarfi take yi."

Wani bidiyo ya nuna mini, wani mutum mai gemu yana bayani da Turanci. Sha'aban ba ya jin Turanci sai sunayen kayan gyara, amma ya kalli bidiyon sau goma sha ɗaya, ya ce hannun mutumin yake karantawa. A taƙaice, cikin kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe mai faɗin akwatin ashana, furosesa, shi ne mai yin aikin. Kuma akwai lambar da ake ɗagawa ya ƙara gudu. Masu abin suna ce masa obakulok.

Na ce, "Kai bawana, alkawarin fa?"

"Cewa ta yi sukudireba. Wannan da yatsa ake yi."

Na san wanda bai ji bari ba zai ji hoho, amma na rufe kwanon awo na bi shi. Abin da ya hana ni hankali muna shekara tara bai sake ni ba.

Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin, ya yi sallama duk da ba kowa. Ya kunna kwamfutar, ya yi ta dannan wani maɓalli kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma, sai ga wani shuɗin allo cike da rubutu. Ya bi layi-layi yana gwadawa da na cikin waya har ya samu lambar. Talatin da uku aka rubuta. Ya mayar da ita talatin da biyar, ya adana, kwamfutar ta mutu ta farfaɗo lafiya lau. Ya kai talatin da takwas. Lafiya lau. Ya kai arba'in, ya ce in cire agogona in riƙe, ya sa ta wanke kaset ɗaya yadda ya sha ganin Siddiƙa na yi.

Minti talatin da uku ta gama.

Ban taɓa ganin mutum mai furfura a gemu ya yi irin tsallen nan ba. "Minti bakwai! Minti bakwai take ɓoye wa matata a kan kowane kaset! Munafuka!" Ni kaina na ji daɗi, har na fara tunanin wataƙila yau tarihi zai wanke shi. Da a nan ya tsaya, da wannan labarin na yabo ne.

Sai dai fankar da ke cikin kwamfutar ta fara gurnani kamar injin niƙa. Ya ɗora tafin hannu a gefenta, ya janye.

"Zazzaɓi," ya ce. Na ga bakinsa yana tara yawu.

"Kada ka kuskura," na ce.

Ya haɗiye. Amma ya aike ni rumfata na ɗauko buhun algarara, ya tsoma shi a randa, ya matse sama-sama, ya lulluɓe kwamfutar ruf, gaba da baya da gefe, har da 'yan ramukan da iska ke shiga. Gurnanin ya ragu, tunda an toshe mata baki. Ya gyaɗa kai irin na likitan da maganinsa ya karɓi mara lafiya.

"To mu tsaya haka," na ce.

"Ka ji ta yi tari?"

"A'a."

"To ba mu san iyakarta ba. Ta ina zan dawo da kwata in ban san inda tarin yake ba?"

Arba'in da huɗu. Arba'in da takwas. A nan ya ga mai gemun cikin waya yana ɗaga wata lamba ta biyu, ta wutar da ake ba furosesa, shi ma ya ɗaga, ya ƙara ɗan ihsani daga aljihunsa. Lokacin rana ta take tsaka, kwanon rufin ɗakin yana ƙas-ƙas, buhun yana tururi yana warin tsohon gero. Ya rubuta hamsin da biyu, ya danna.

Allo ya yi baƙi. Fanka ta juya, ta tsaya. Ta juya, ta tsaya.

"To alhamdu lillahi," na ce, "ta yi tari. Dawo da kwata."

Ya danna maɓallin da ke kawo shuɗin allo. Ba komai. Ya kashe ya kunna. Ba komai. Ya zare wayar wuta daga bango ya mayar, ya yaye buhun, ya yi mata fifita da murfin kwano. Fanka ta juya, ta tsaya. Sai ya juyo ya kalle ni, fuskarsa kamar an watsa mata toka.

"Zailani, sukurun yana ciki. Ta rufe ƙofa da shi."

Nan ne ilimin shekara talatin ya ƙare. Babur in ya yi tari yana tsaye a gabanka, sukurunsa a waje, ka miƙa hannu ka mayar. Wannan kuwa sai ta tashi za ka ga lambar, kuma lambar ce ta hana ta tashi.

Ya zame daga kan kujera ya zauna a ƙasa. Na buɗe baki da niyyar in tuna masa rediyon kaka, sai ya riga ni. Ya ce, a hankali, "Malam ya ba ni 'yarsa bai tambaye ni ko sisi nawa nake samu ba. Yau na sa ya mutu karo na biyu." Tunda nake da Sha'aban ban taɓa rasa abin zolayarsa ba sai ranar. Tsoro ya kama ni ni ma, don na tuna mahaifiyar Siddiƙa, tsohuwar da ke zaune a Babban Mutum tana ƙirga kwanaki.

Muka naɗe kwamfutar cikin bargo, na rungume ta a cinya, ya tayar da babur muka nufi Daura. Babur ɗin nan duk Mai'adua ba mai kamo ƙurarsa, amma ranar Sha'aban tuƙin kai amarya ya yi. Kowane rami sai ya sauke ƙafa. Wani dattijo a kan keke ya wuce mu, ya waiwayo ya ga abin da ke naɗe a bargo, ya ce, "Allah Ya ba shi lafiya." Sha'aban ya ce amin da iyakar gaskiyarsa.

An kwatanta mana wani shago kusa da tasha. Mun zaci za mu samu ƙato da akwatin sufana, sai muka tarar da wata mata mai suna Hasana, da tabarau, da lalle a yatsu, tana cin gyaɗa. Sha'aban ya tsaya yana leƙa bayanta ko maigidan shagon yana ciki.

"Malam, ni ce mai gyaran. Me ya same ta?"

"Haka kawai ta..."

"Hamsin da biyu ya kai ta," na ce, "cikin jiƙaƙƙen buhu."

Ta cire tabarau ta kalle shi da kyau. "Mene ne sana'arka, Malam?"

"Bakaniken babur."

"Na ga alama."

Ta buɗe gefen kwamfutar, ta riƙa zaro zaren algarara daga cikin fanka tana jerawa a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, don dai ya gani. Ta busar da ciki da na'urar busa iska. Sannan ta sa farce ta ɓanɓaro wani ɗan batir mai kamar kwabo, ta ajiye, ta koma kan gyaɗarta. Sha'aban ya jira a fara aikin. Bayan kamar minti biyar ta mayar da batirin, ta danna.

Kwamfutar ta ce "ɗit", allo ya haska.

"Shi ke nan?" Muryarsa ta fita siririya.

"Shi ke nan. Wannan batirin shi ke riƙe mata duk lambobin da ka cusa. In an cire shi sai ta manta, ta koma yadda aka ƙero ta. Allah Ya taimake ka, tana da wayon kashe kanta kafin ta ƙone."

"Muryar fa? Akwai murya a ciki."

Ta ce furosesa lebura ne kawai, ko ya faɗi ba a cikinsa hatsi yake ba, rumbun daban yake. Ta buɗe ta danna ɗaya. Sai ga Malam Sama'ila a cikin shagon, garau, yana cewa, "To, mun tsaya a babin tsarki. Wa ya bar akuyar nan ta shigo?" Sha'aban ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana duba wata kalanda.

Da Hasana ta ji babu kwafi a ko'ina sai faɗa ya dawo kanmu duka. Ta ce ko manomin da bai yi boko ba ba ya haɗa iri da na ci a rumbu ɗaya. Ta juye komai a memori biyu. Ta kuma gaya masa ƙara gudu ba laifi ba ne, amma da babbar fanka ake yi, da sabon man sanyaya, taki ɗaya-ɗaya, ana duba zafi da lamba ba da tafin hannu ba, kuma ba a rufe mata hanci. Yana ta gyaɗa kai. Can ya ce, "To, Hajiya, da a ce a arba'in na tsaya..." Na taka masa ƙafa.

Tana shirin gyara wani abu wuta ta ɗauke. Ta ce, "Saura agogo. Batirin nan shi ke riƙe kwanan wata ma, in kun je gida ku saita." Da muka je gida Sha'aban ya ce shi da taɓa wannan kwamfutar sai a lahira, ni kuwa ko agogon hannuna ɗana ke saita mini. Muka goge ta, muka share ɗakin, muka kunna turaren wuta saboda warin buhu, muka bar sauran ga Allah.

Laraba da rana Siddiƙa ta dawo. Ya roƙe ni in zo cin abinci, wai mace ba ta kisa a gaban baƙo. Muna tsakar gida muka ji ta kunna, muka ji "ɗit". Sannan muryarta.

"Maigida."

Muka je bakin ƙofa, ya tura ni gaba.

"Yaya Zailani, yau wace rana ce?"

"Laraba."

"Kwamfuta ta ce Litinin, biyu ga Janairu, dubu biyu da goma sha biyu." Ta ɗaga wani zaren algarara da tsintsiyarmu ta tsallake. "Kuma tunda nake ban taɓa ganin mijina ya kunna turare ba."

Ya tsuguna ya zayyana komai, tun daga mai gemu har dattijon kan keke. Ya fito da memori biyun ya ajiye a gabanta kamar mai biyan diyya. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta kunna kaset ɗaya ta saurara, ta kunna wani, ta kunna na ƙarshe. Sannan ta sauke numfashi, ta share ido da gefen mayafi.

Shi kuma, hali zanen dutse, da ya ga an tsira sai ya miƙa yatsa. "Bari in saita miki agogon, abu ne mai sau..."

Ta buge hannun da mafici, har na ji a nawa.

"Kada ka taɓa." Ta ci gaba da kallon ɗan rubutun da ke ƙasan allon. "A wannan shekarar Malam yana nan da ransa. Yanzu haka yana zaure, an kawo masa fura, yana faɗa da akuya." Sannan ta juyo. "Kuma a lissafin nan saura wata huɗu ya ɗaura mana aure. Ka iya takunka, Maigida, har yanzu yana iya fasawa."

Na yi dariya har sai da na dafa bango. Sha'aban ma ya yi, hawaye na bin gemunsa.

Kaset sittin ɗin nan a minti arba'in-arba'in aka wanke su. Hukuncinsa shi ne ya rufe gareji kullum daga azahar zuwa la'asar, ya zauna kusa da ita yana yi wa kwamfutar fifita, ɗaya hannun a ƙarƙashin cinyarsa. Suka gama saura kwana ɗaya. An ce da aka sa wa tsohuwa memorin a waya ta ji an ce a kori akuya, sai ta waiwaya ta ce, "Ku kore ta mana, ba ku ji shi ba?"

Har gobe ina gaya wa masu babur cewa ga mutumin da ya je ƙara wa inji gudu ya mayar da shi baya da shekara goma sha biyu. Ba ya musu. Agogon kuwa ba a saita shi ba, yana nan yana tafiyarsa. Rannan na shiga gaishe su na tarar da Siddiƙa ta kunna kwamfutar, ba aikin komai take yi ba, kwanan watan kawai take dubawa. Na tambaye ta lafiya. Ta ce lafiya lau, a nan ciki Malam yana da sauran shekara tara.